Kuɓewar Mama a kan sabon teburina

Jama'a, ku ji abin da teburin cin abincina ya koma yau.

Tun safe nake jan kujeru. Kun san falonmu, kamar akwati. Na tura doguwar kujera jikin bango, na rataya labule, na goge sabon teburin har yana ƙyalli, don matan zumunta za su zo addu'a da yamma. Bayana kamar zai ɓalle.

Na fita sayo lemo. Ina dawowa na tarar Mama, uwar mijina, ta iso daga Manga. Ta yanka kuɓewa, ta shanya a teburin kaf, ta kunna fanka!

Na ce, "Mama, nan fa ake cin abinci."

Ta ce, "Ɗiyata, hadari ya haɗo. Tuwo a ƙasa ake ci. Nan kuwa akuya ba ta kaiwa."

Kafin in buɗe baki sai ga matan. Shugabarmu ta zagaya teburin tana taɓa kuɓewar. Na ce yau na shiga uku.

Sai ta ce, "Maman Dauda, wane kafinta ya yi miki? Barkonona na can yana ruɓewa."

Na nemi ƙasa na zauna kawai.