Kyamarar da ta dace da hannun Malam Isuhu

Har yau ban manta da ranar da Malam Isuhu mai hoto ya shigo kantinmu rungume da tsohuwar jakarsa ta fata ba. Ku da kuka fara aiki kwanan nan ba ku san zamaninsa ba, amma a Ƙofar Kwaya da wuya ka shiga gidan da babu hoton suna ko na aure da ya ɗauka. A lokacin ni ke kula da sashen kyamara, Malam Sanusi ne manaja.

Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da gajiya, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Masu wankin fim na gari sun daina, sai an aika Kano, hotunan kuma su dawo kore-kore. Ga shi ya karɓi aikin saukar karatu a wata Islamiyya a Batagarawa ranar Asabar.

"Kuɗina ba su da yawa," in ji shi. "In akwai ta zamani da zan iya da ita, to. In babu, in maida masu aikinsu in koma gida in zamna."

Na fito masa da ƙananan sababbi, irin na saka wa a aljihu, don su ne daidai ƙarfinsa. Ya ɗauki ɗaya ya kai ido, sai hancinsa ya daki sikirin, gilashin bayanta mai nuna hoto. Irin waɗannan ba su da 'yar tagar da mai hoto ke leƙawa, sai dai ka miƙa hannu kana kallon bayanta. Da ya miƙa, hannun ya kama rawa. Ya danna, ta yi jim kafin ta ɗauka, hotona ya fito ina rufe da ido kamar mai gyangyaɗi.

"Wagga ba ta jin magana," ya ce. "Ni na ce yanzu, ita ta ce an jima." Ya ajiye ta a hankali, ya fara zuge jakarsa. "Halan dai lokacina ne ya wuce."

Wallahi maganar ta taɓa min zuciya. Na ce, "Baba, kafin ka tafi, nuna min yadda kake riƙe taka." Ya ciro tsohuwar, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ya sa ido a tagar, hagunsa na murɗa gilashin gaba, ya ɗauke numfashi. Ko gezau. Ashe ba tsufa ke kaɗa hannun ba, riƙon ne bai saba da shi ba.

A ƙasan kanta muna da wata ta gwanjo, babba, tsohon yayi, mai tagar leƙawa, kuma gilasan tsohuwar kyamararsa suna hawa kanta. Ƙa'idarmu kayan gwanjo ba sa fita waje gwaji sai da izinin manaja, don haka na je wurin Malam Sanusi.

"Kana da sababbi, za ka ba dattijo tsohuwa?" ya tambaye ni. "Lambobin ƙarfin hotonta fa sun yi ƙasa."

Na ce, "Yallaɓai, hoton bango da na albam yake yi, ta ishe shi har da ragi. Sababbin kuma ba za su zauna a hannunsa ba." Ya leƙo ya kalli tsohon, ya ce mu fita da ita.

A bakin titi wani mai shayi na ɗaga kofi yana zuba ruwan daga sama. Malam Isuhu ya saita, ya jira, ya danna sau ɗaya, ya sauke. Na ce ya ƙara, ai babu fim ɗin da zai ƙare. Ya ce, "Ya yi." Ko duba bayanta bai yi ba. Ni na juya ta, sai ga shayin tsaye a iska, mai shayin na dariya. Ya saye ta, da abin da ya rage na kuɗinsa muka haɗa masa memori, ɗan katin da hotuna ke shiga, da batir na biyu saboda halin wutar nan tamu. Na koya masa caji da maɓallan da zai buƙata, ya tafi.

Ranar Litinin da hantsi ya dawo, kyamarar naɗe cikin baƙin ƙyalle. Ya sunkuyo ya ce, "Kuna da ɗaki mai duhu?" Ban gane nufinsa ba. Na karɓa, na buɗe murfin, na zaro memorin a tsakiyar kanti, rana na haskowa ta ƙofa.

"Innalillahi!" Ya dafe kai. "Ka ƙone mani aikin mutane! Mi zan ce ma iyayen ɗiyan nan?"

Sai a lokacin na fahimta. Shi duk abin da ke ɗauke da hoto, in haske ya taɓa shi ya lalace. Tun Asabar yake gadin murfin nan, ya hana kowa a gidansa ya kusance ta. Na bayyana masa komai ban da wannan, don bai taɓa zuwa min a rai ba. Na zaunar da shi, na sa memorin a kwamfuta. Hotuna suka fara fitowa: ɗalibai da allunansu, malamai a jere, wata uwa na share hawaye da gefen mayafi. Ba su da yawa, amma babu na yarwa ko ɗaya.

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. "To wankin hwa?" ya tambaya. Na ce an riga an wanke, bugawa kawai ta rage. Ya girgiza kai ya ce, "Ashe da sauran aiki a gabana." Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a kan wani ciniki.

Yanzu haka yana nan yana aikinsa, masu waya a hannu ma shi suke kira in suna son hoton da za su rataye. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mai tsohuwar sana'a idan ya zo sayen sabon kaya, yana zuwa ne da fargabar an gama da shi. Kada ku fara da karanta masa abin da ke jikin kwali. Ku ce ya nuna muku yadda yake aikinsa, sannan ku nemo abin da zai bar shi ya ci gaba da yi.