Yaron da Ke Jiran Jirgi da Rani

Akwai wata yamma ta hutun rani a Jimeta da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Zan ba da labarinta gwargwadon abin da na tabbatar. Inda nake shakka kuwa, zan ce ina shakka.

Mu mutanen unguwar Adarawo ne a cikin garin Yola, amma a gidan Goggona a Jimeta na yi firamare. A aji huɗu aka zaunar da ni benci ɗaya da wani yaro Kirista, ɗan wani akawu mutumin kudancin Adamawa. A gidanmu Fillanci ake yi, a gidansu yarensu, Hausa ce ta haɗa mu. Shi ya laƙaba mini suna Modibbo, wato babban malami, saboda ba na barin magana ta wuce ban gyara ta ba.

A ofishin hedimasta akwai akwatin littattafan labarai da ake buɗewa sau ɗaya a mako. Ina jin ranar Alhamis ce, amma ba zan rantse ba. A ciki muka sami wani littafi marar bango, labarin yara biyu abokai a wani gari na bakin kogi. Gara ta cinye ƙarshensa, daidai inda ɗayan ya shiga babban jirgin ruwa zai tafi karatu, ɗayan kuma yana tsaye a gaɓa. Abokina ya ce, "Modibbo, tunda gara ta riga mu karantawa, mu rubuta namu." Muka sami littafin rubutu, muka kafa ƙa'ida: kowa ya cika shafi ɗaya ya miƙa wa ɗan'uwansa, kuma babu mai taɓa shafin wani. Na ɗauki yaron da ya tafi, shi ya ɗauki wanda ya zauna. A lokacin ba mu ga komai a wannan rabon ba.

Shekara uku muna haka, har jarrabawar shiga sakandare ta zo. Na ci, aka tura ni Maiduguri, ba da jimawa ba bayan ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas. Shi bai ci ba, aka ce ya jira baɗi. Ranar da na hau motar tafiya littafin yana hannunsa, domin shi ke da shafi na gaba.

Na dawo hutu da rani, da jan biro a aljihun rigata, kyautar da aka ba ni don na zo na ɗaya a darasin labarin ƙasa. Da na je gidan su abokina, mahaifiyarsa ce ta fara ganina. "A'a, ɗan Maiduguri! Wannan rama fa, ba sa ba ka abinci ne? Wuce, abokinka yana gindin mangwaro, tun shekaranjiya yake leƙen hanya." Ya rungume ni yana dariya, ya ce wuyana ya yi tsawo kamar na balbela. Kafin in zauna sosai ya ɗora mini littafin a cinya, ya shiga ciki ɗauko mini kunun gyaɗa.

A shafinsa, yaron da ya zauna yana zuwa bakin kogi kowace yamma, tun daga girbi har tsakiyar rani. Ruwa ya janye, yashi ya fito, mata suna wanki a inda dā kada ke wucewa, shi kuwa yana zaune a kan wani kifaffen kwalekwale yana jiran jirgi. Ban ga yaron ba. Abin da na gani shi ne lokacin da aka ambata. Na ciro jan biron, na rubuta a gefen shafin: "Kuskure. Babban jirgi ba ya isowa nan sai da damina, in kogi ya cika." Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Abokina ya fito da kwanon kunu, ya ajiye, ya karanta. Ya daɗe yana kallon jan rubutun. Sannan ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Modibbo, a Jimeta aka haife ni. Na san jirgi ba ya zuwa da rani. Shi ma yaron ya sani."

Na ce, "To, me yake jira?"

Ya rufe littafin ya ce, "Sha kununka, zai huce."

Don adalci ga kaina zan ce abin da na rubuta gaskiya ne. Daga baya har tsoffin masu kwalekwale na tambaya, suka tabbatar mini. Da wannan gaskiyar na rufe kaina a gidan Goggo kusan mako uku, ina jiran ya zo ya yarda. Goggo ta ce, "Kai da kake kwana da sunan yaron nan a baki, yanzu ko ƙofarsu ba ka bi? Me ya haɗa ku?" Na ce damina da rani. Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ana gobe zan koma makaranta na je gidansu, na iske ƙofa da kwaɗo. An yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki zuwa Ganye, sun tashi kwana huɗu da suka wuce. Maƙwabciyarsu ta miƙo mini littafin a naɗe cikin tsohuwar jarida. Bai goge jan rubutun ba, bai ƙara komai ba. Shafi na gaba ne kawai ya bari fari, domin nawa ne.

Sai a cikin mota, muna ratsa daji, na sake karanta shafinsa, na gane wanda ke zaune a kan kwalekwalen da wanda ake jira. Wata biyu ina tsara shafina. A ciki yaron da ya tafi ya dawo da rani, a ƙafa, ya tako yashi har ya zauna kusa da abokinsa. Na aika masa da littafin Ganye ta gidan waya.

Bayan makonni ya dawo mini. A gefen shafina, da fensir, abokina ya rubuta: "Kuskure. Ya makara ƙwarai. Amma an matsa masa wuri."

Ba zan ce abotarmu ta koma yadda take ba, domin ba ta koma ba. Yanzu na gama jami'a, shi kuma malamin firamare ne a can kudu. Wasiƙa biyu ko uku muke yi a shekara, kuma har yau da Modibbo yake fara tasa. Daga ƙarshe littafin ya koma wurinsa, yana karanta wa ɗalibansa, har da jan rubutun. Ni ban daina bin diddigin magana ba, ba na kuma tsammanin zan iya. Abin da na koya dai shi ne, in aboki ya miƙo mini shafinsa, in fara neman abin da yake faɗa mini kafin hannuna ya kai aljihu.