Awon Girgizar Keke a Hanyar Furfuri

Ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Talata a tsakiyar damina, wadda muka ɗaura wa kekunan ofishinmu na'urar auna girgiza. A lokacin ina babban jami'in fasaha a wani shiri na kai rigakafin dabbobi rugage, hedikwatarsa a Gusau. Ma'aikatanmu na fili kan ɗauki kwalaben maganin cikin akwatin sanyi a bayan keke, domin akwai hanyoyin da mota ba ta shiga. An sayo mana kekunan hawa tsauni masu sifirin a gaba, wanda makanikai ke kira shok, amma duk da haka kwalabe suna fashewa.

Daraktarmu, Dakta Hauwa, ta umarce ni da in gano dalili. Ta kuma sanar cewa wanda tsarinsa ya fi sauƙin girgiza, shi za a ba jagorancin horar da mahayan Gusau, Tsafe da Bungudu. Ban yi shakkar cewa ni ne ba. Ni na karanci injiniyanci, ni na rubuta tsarin gwajin, kuma na daɗe ina jiran aikin da za a san ni da shi.

Ga waɗanda ba su san na'urar ba, ba ta wuce kwalin ashana ba. Ana ɗaura ɗaya kusa da tayar gaba, ɗaya a kan akwatin. Ta farko tana rubuta ƙarfin dukan da hanya ta yi wa keke, ta biyu kuma abin da ya isa ga kaya. Idan aka juye bayanan a kwamfuta, sai su fito a matsayin layi: mai tsini yana nufin duka, shimfiɗaɗɗe yana nufin lafiya.

Mu huɗu muka hau, daga Bungudu zuwa wata ruga bayan Furfuri. Na saita kowane shok bisa nauyin mahayi, kamar yadda littafin keken ya tanada. Cikinmu akwai Malam Buba, ma'aikacin fili mai ƙaramin mataki, sa'ana a shekaru, ɗan gidan makiyaya. Kafin mu tashi na ga ya danna tayarsa da babban yatsa, ya rage mata iska, ya sassauta shok ɗin. Na tsawata masa cewa ya ɓata saiti. Ya amsa cikin ladabi cewa keken ya yi tauri kamar jakin da bai taɓa ɗaukar kaya ba. Sauran suka yi dariya, ni ban yi ba.

Da muka dawo Gusau na buɗe kwamfuta a gaban kowa. Layina ya fito kamar haƙoran zarto. Na Malam Buba kuwa yana kwance, da ɗan motsi nan da can. Wani daga cikin mahayan ya leƙo ya ce, “Injiniya, anya ba rami kake nema kana faɗawa ba?” Na murmusa. Nan take na ce na'urar Malam Buba ta samu matsala.

Domin in tabbatar da hakan, ranar Alhamis muka sake gwaji a hanyar 'Yankuzo ta Tsafe. Na musanya na'urorin, na ba shi kekena da saitina, na hana shi taɓa komai. Na bi bayansa ina kallo. Kafin rami yakan ɗaga daga sirdi, gwiwoyinsa su lanƙwashe, ya saki birki a daidai inda ni nake matsewa. Ba ya bin inda tayoyin wasu suka bi, gefen da ruwa ya tara yashi yake zaɓa. Da muka tsaya hutawa na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce ya yi shekaru yana kai kindirmon innarsa gari a keke, kuma kindirmo in ya kaɗu sai ya tsinke, ba mai karɓa. “In na dawo da shi, Inna ba ta faɗa,” in ji shi. “Sai ta aje shi gabana ta ce in shanye.”

Layinsa ya sake fin nawa, a kan kekena.

A nan ne na yi abin da ya sa nake ba ku labarin. A rahoton da na miƙa, na cire sakamakonsa na Talata bisa hujjar cewa ya sauya saiti ba da izini ba. Hujjar gaskiya ce. Na Alhamis kuma na rubuta a gefensa cewa ana zargin na'ura, alhali na san lafiyarta lau. Na yi ta gaya wa kaina cewa ƙa'ida nake karewa. Amma ƙa'ida ba ta sa mutum ya ji ɗaci idan an yabi wani, ni kuwa ko sunansa aka ambata a farfajiya sai raina ya ɓaci. Shekaru biyar na yi ina karanta yadda sifirin ke shanye duka, ga mutum yana yin hakan da gwiwarsa, kuma bai ma san abin alfahari ba ne.

Ranar Litinin Dakta Hauwa ta kira ni. Ta ce ta karanta rahoton, jagorancin horon nawa ne. Sannan ta miƙo mini wata takarda in sa hannu: tuhuma ga Malam Buba kan taɓa kayan gwaji, wadda za ta shiga fayil ɗinsa. Ban zaci abin zai kai can ba, ko kuma ban so in zata ba. Na ajiye biro, na gaya mata abin da layukan suka nuna da abin da na rubuta a kansu.

Sai ta ce, “Injiniya, na'urar ce ta yi ƙarya, ko mai karanta ta?”

“Mai karanta ta, ranki ya daɗe.”

Ta yaga takardar, ta ba ni kwana biyu in gyara rahoton. Jagorancin ya koma ga Malam Buba, aka sa ni in riƙa auna ɗalibansa. Da ya ji, ya zo ofishina ya yi mini godiya, ya ce ba zai iya tsayawa gaban mutane ba sai ina wurin, domin shi bai san mi layukan ke faɗi ba. Godiyarsa ta fi tuhuma yi mini nauyi, don har yau bai san abin da na rubuta ba.

Ba zan ce muku hassadar ta gushe ba. Duk lokacin da ɗalibai suka kewaye shi nakan ji ragowarta. Abin da na koya shi ne, a aikin awo ba a cika samun kuskure a jikin na'ura ba. Yana shigowa ne tsakanin allon kwamfuta da takarda, inda mutum yake zaune shi kaɗai da son ransa. Shi ya sa a sashena ba wanda ke fassara sakamakon gwajin da shi ma yake takara a ciki, kuma ni ne na farko da dokar ta hau kansa.