Ruwan Zafin da Aka Ce Ya Ƙafe

Gwiwoyina sun fara. Da safe in zan tashi daga tabarma sai na dafa bango, kuma duk wanda ya gan ni ina jan ƙafa shawararsa ɗaya ce: ka tafi ruwan zafi mana, ai ba nisa. Na san ba nisa. Na fi su sanin hanyar. Ba ni zuwa ne kawai, kuma tunda an dame ni da tambaya, bari in rubuta dalili in huta.

A bayan duwatsun Waca akwai wani ɗan ƙauye cikin kwari. Ba zan sa sunansa a nan ba. A ƙasan garin, ruwa yana ɓuɓɓugowa daga gindin wani dutse, da zafinsa, kamar wanda aka sauke wa mai jego. Yana da ɗan wari, tsakanin kanwa da ƙwan da ya kwana biyu. Mutanen wurin sun jera duwatsu sun tare shi ya zama kududdufi, maza su shiga da safe, mata da hantsi.

Ina yaro babana ya tafi da ni can daga Guci, bayan an gama girbi, don bayansa na ciwo. Ban taɓa manta wurin ba, kuma na so in manta. Lokacin ɗari ne. Tururi ya rufe kwarin, ba ka ganin komai cikin ruwan sai kawunan tsofaffi a jere, suna gardama kan farashin da ba su da abin sayarwa a kansa. Ga fadamar rake a gefe, ga goruba, ga bukkokin baƙi. Akwai wata tsamiya a bakin hanya da aka jingine wa sanduna jingim, don al'adarsu ce duk wanda ya zo da sanda ya samu sauƙi ya bar ta nan ya tafi da ƙafarsa. Mun sauka gidan wani abokin babana. Matarsa takan fere mini rake ta ce, “Zo nan, mijina, kai ne za ka yi mini zane in wannan rago ya kasa.” Ni kuwa in ɓuya bayan babana don kunya. Babana ya riƙe ni a ƙirjinsa cikin ruwan nan har yatsuna suka yamutse. Ban tuna wata rana da ya sake riƙe ni haka ba.

Ba a daɗe ba gardi, dogaran Nasara, suka zo Guci da umarnin kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu: kowace unguwa ta ba da yaro a kai lakwal, makarantar Nasara. Mai unguwa bai ba da nasa ba, gidanmu ya nuna. Babana ya dubi ƴaƴansa maza ya zaɓe ni, don ni ne hauyata ta fi nauyi a gona. Aka yi mini kuka kamar gawa, aka ɗora ni bayan doki sai Magarya. Na yi ƴan shekaru ina shan bulalar malaminmu, wanda ake kira mushe kamar yadda ake kiran Nasara, na iya karatu rabi da rabi, sannan aka ce kaina ba ya ɗauka, aka koro ni. Ban kai malamin biro mai aikin ofis ba, hannuna kuma ya manta hauya. Na ƙare a wurin awon gyaɗa, ina jan buhu ina karanta wa mai awo lambar sikeli. Abin da na samu a wurin Nasara ke nan, sai wata tsohuwar rigar kaki da wani ya yar na ɗauka.

Ina da mata da ɗa guda lokacin da ƙafafun babana suka riƙe. Ba ya iya miƙewa ko da sanda, sallah a zaune, bayan gida sai an ɗauke shi. An yi tsaga, an yi rubutu, an sha saiwa, shiru. Shi kuwa bakinsa ɗaya: a kai shi ruwan zafi. Yayyena kowa ya ce yana da sussuka. Ni da aka ba Nasara, ni na baro aiki na zo na ciccibe shi na ɗora bisa jaki, na ɗaure shi da rawaninsa don kada ya zame. Sanyi ake yi, na sa rigar kakin nan. Ita kaɗai gare ni mai kauri.

Duk hanya maganar ruwan yake. Zai shiga har wuya, zai bar sandarsa a tsamiya ko da bai zo da ita ba, zai ci rake da haƙoran da suka rage. Ni ma, in faɗi gaskiya, zuciyata ta riga jakin isa.

Da muka gangara kwarin, tsamiyar na fara gani. Ba sanda ko ɗaya. Bukkokin baƙi an mai da su garken awaki. Hanyar da take sauka zuwa dutsen an tare ta da zana, an jibga ƙaya. Amma warin yana nan. Hancina ya gane shi tun kafin idona ya gama kallo.

Abokin babana ya fito, ya tsufa ya ranƙwashe. Ya leƙa fuskar mai jaki, sai ya buga salati.

“Kai ne? Ashe ba ka mutu ba, tsohon banza?”

“Ina zan mutu in bar ka kana cin tuwo kai kaɗai? Sauke ni, ƙafafun sun ƙi.”

“Dama can ba su taɓa yin wani aikin kirki ba.”

Aka yi dariya, aka shimfiɗa tabarma, na sauke shi. Maza uku huɗu suka taru. Matar gidan ta kawo ruwa a ƙwarya, tana cewa lale da mutanen Guci. Sai mai gidan ya nuna ni da haɓa.

“Wannan fa? Cikin naka ne?”

Babana, wanda bai taɓa yaba mini ko sau ɗaya ba tun da aka haife ni, ran nan ya ga damar yi. Ya gyara zama ya ɗaga murya.

“Ba ka gane shi ba? Ɗan ƙaramin nan ne da na zo da shi. Ai ya yi lakwal. Faransanci a bakinsa kamar ruwa. A Magarya yake aiki, kullum yana tare da Nasaru, in suka yi magana shi ke mayar musu.”

Ƙarya ce ma. Abin da Nasara yake ce mini bai wuce “yi sauri” da zagin uwa ba.

Na ga idanu sun sauka kan rigata, sun tsaya a maɓallan. Wani ya tashi ya ce zai duba awaki. Matar gidan, wadda ta miƙo mini ƙwarya da hannu ɗaya, ta janye, ta durƙusa, ta miƙo da hannu biyu.

“Sannu da zuwa, Mushe.”

Na ce, “Iya, ni ne fa mijinki. Mai shan rake.”

Ta ce, “Allah ya ja zamanin Mushe.” Ta shige gida.

Mai gidan ya yi gyaran murya. Ya ce wa babana, ba tare da ya dube shi ba, “Wahala kuka sha a banza. Ruwan nan ai ya ƙafe.”

“Ya ƙafe?”

“Tun tuni. Ko tsuntsu ba ya samun na sha.”

Yana faɗin haka gemunsa a jiƙe. Yatsun ƙafarsa a yamutse, fari fat, irin na wanda ya fito daga ruwa yanzun nan. Na nuna bayan zanar na ce, “Baba, wancan tururin fa?”

“Mata ne ke dafa kalwa.”

“Warin fa?”

“Daddawa ce, Mushe. Ku a bariki ba ku saba da ita ba.”

Ni za a gaya wa warin daddawa! Ni da na tashi da ita a miya safe da dare.

Na san abin da suke tsoro, kuma sanin ne ya fi ƙona mini rai, don ba zan iya cewa haukan banza suke ba. Akwai wani gari gabas da su mai tafki da agwagin daji. Wani ya kai wa kumandan labari, ya zo ya gani ya yaba, ya sa aka gina kampama, masaukin da Nasaru ke sauka in suna rangadi. Daga ranar garin bai sake hutawa ba. Su ne ginin, su ne yaɓe duk shekara, su ne share hanyar mota. Kaji, ƙwai, madara, itace, ciyawar dawaki, ƴan dako tsakiyar damina. Rabin garin ya kwashe ya tsallaka ƙasar Ingilishi. To ina ga ruwan da yake fitowa da zafinsa? In Nasara ya tsoma ƙafa sau ɗaya, shi ke nan, sun zama masu ɗaukar masa tawul har jikoki. Shi ya sa suka kwashe sandunan, suka tare hanya, suka bar ruwan ga wanda suka yarda da shi kawai.

Na ce, “Baba, wallahi ni jan buhu nake yi. Ban san ƙofar biron kumandan ba sai daga nesa. Ku kawo Alƙur'ani in dafa.”

Ya ce, “Wa ya isa ya rantsar da Mushe?”

Babana ya daɗe yana kallon zanar nan. Tafiyar da ya sha a ɗaure kamar kayan gishiri, ga ruwan yana jin warinsa, ga abokinsa yana yi masa ƙarya ido da ido. Ya gane bakinsa ne ya rufe ƙofar. Na zaci zai ce ya yi ƙari ne, yaron nan ba kowa ba ne, ɗana ne kawai. Da ya faɗi haka da na yafe masa har abada.

Sai ya kama hannun abokin ya ce, “Saurara. Wannan ba nawa ba ne. Tun ran da gardi suka ɗauke shi na cire shi cikin ƴaƴana. Na Nasara ne. Jaki ya koro mini, don ban samu wani ba. Ka sallame shi ya tafi, ni ka san ni.”

Ban san wane irin kallo na yi masa ba. Shi bai dube ni ba sam.

Mai gidan ya ja gemu, ya ce ai ko ruwa ya ƙafe, baƙo ba ya rasa wurin kwana, tsoho ya zauna ya huta gajiya. Mushe kuwa, gidansu bai kai darajarsa ba, gara ya koma Waca ya jira, za a aika masa.

Na kwance rawanin daga jikin jaki na ajiye kusa da babana. Na ja jakina na hau tudu. Da na waiwaya daga sama, har sun ɗage zanar, mutum biyu sun tallabe shi suna gangarawa da shi cikin tururi. Ko jira in ɓace ba su yi ba.

Na yi kwanaki a Waca, a rumfar wani mahauci da ya ji tausayina. Ran kasuwa na yi kiciɓis da wani gardi da ya san ni a Magarya. Ya daki kafaɗata.

“Kai, ɗan lakwal! Me ya kawo ka cikin duwatsun nan? Mata ka biyo?”

Maganar ruwan tana kan harshena, na ji nauyinta. Jimla ɗaya ce, kuma na iya ta har da Faransanci. Kafin wata ya mutu da an ga tsohon nan mai jiƙaƙƙen gemu yana ɗauke da tubali a ka. Na so in gani, wallahi na so. Kada wani ya ce kirki ne ya hana ni. Babana yana cikin ruwan, shi ke nan.

Na ce, “Maganin basir na zo nema.”

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in na samu in raba da shi.

Da aka aiko, ba a ce in shiga garin ba, an ce in tsaya a dutsen da hanya ta rabu. Na tsaya. Can sai ga babana tafe a ƙasa, da ƙafarsa, a hankali, yana dogara wata sanda mai santsi da ban san shi da ita ba. Cikin waɗanda suka ɓoye ne suka zaro masa. Abokin ya rako shi, da ya hango ni ya tsaya daga nesa, ya ɗaga mini hannu kamar yadda ake yi wa mai doki, ya juya.

Ya warke, ba zan ɓoye ba. Ba duka ba, amma ya yi shekaru yana sallah a tsaye. Abin da na kawo shi nema ya samu.

Ya miƙo mini wata ƴar gora, an toshe bakinta da totuwa.

“Tsohuwar ce ta ce a ba mijinta. Ruwan ne.”

Na buɗe. Warin yana nan, amma ya huce, sanyi ƙalau kamar na randa. Igiya ta yi wa jakina gyambo a gadon baya. Na tuttule masa shi duka a kai, na yar da gorar.

Babana ya kalli gorar a ƙasa. Ya ce, “Kai ma ka sani, maganar baki ce kawai na yi.”

Na ce, “Wacce daga ciki, Baba? Ta farko ko ta biyu?”

Ya dafa jakin ya hau da kansa, ba tare da na taɓa shi ba, muka kama hanyar Guci. Har ya koma ga Allah ba mu sake tayar da zancen ba.

Nasara ya gama zamaninsa ya tafi bai ji labarin ruwan nan ba. Yanzu an ce sun cire zanar, sanduna sun dawo gindin tsamiya, har kiran baƙi suke yi. Ɗana ya ce zai samo amalanke ya kai ni. Na ce ya bar shi. Da bakin mai gidan na ji cewa ruwan ya ƙafe, kuma har yau babu wanda ya zo daga garin ya ce mini ƙarya ce.