Kiran La'asar a Masauki na Huɗu

Har yau akwai wata Alhamis da ba ta fita daga raina ba. Lokacin sanyi ne, irin sanyin Makka da mutumin Kano zai yi wa dariya, wanda iyakarsa a kashe na'urar sanyaya ɗaki da safe. A shekarar ne makarantun 'yan mata na unguwanninmu suka fara buga gasa a tsakaninsu, don haka kowa a ɗoki yake, kowa kuma ya zama masani. Ku da kuka karɓi katin alƙalanci a bana, ku zauna ku ji.

Ni farrasha ce a wata makarantar 'yan mata da ke Utaibiyya, wato shara da goge-goge da buɗe ƙofa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na yi shi. Da Abla Nuwaira, malamar motsa jiki, ta kawo wasan sofbol, aka rasa mace da za ta tsaya a rana ta yi alƙalanci. Ni da wata muka yi kwas na mako biyu, aka ba mu kati. Abla ta ce ƙaramar muryata ba matsala ba ce, hannu ne ke magana a wannan wasa.

Ga wanda bai sani ba, ana jefo ƙwallo, yarinya ta buga da sanda, ta zagaya masauki huɗu da gudu. In ta taka na huɗu, ƙungiyarta ta ci ɗaya. In aka taɓa ta da ƙwallo a tsakanin masauki da masauki, ta fita. Alƙaliya na dunƙule hannu in an fita, ta ware hannuwa in an tsira, ta ɗaga su sama in ta tsayar da wasa. Muddin ba ta ɗaga ba, wasa na nan da ransa. Ku riƙe wannan.

Ranar, 'yan matanmu ne da na wata makaranta daga unguwar Tandabawi, wadda ta ci ita za ta je Jidda. Kafin a fara, Mudira, shugabar makarantarmu, ta ja ni gefe.

"Hala Sa'a," haka suke kirana, wato Inna Sa'a, "ƙorafi ya yi yawa a kanki. In aka sake kawo mini ɗaya, zan karɓi katin nan."

Na ce to. Ƙorafin kuwa na iyaye mata ne da ke zama bayan raga, kowacce da wayarta a ƙarƙashin abaya duk da an hana ɗaukar hoto, kowacce tana ganin abin da ni da ke taku biyu da ƙwallo ban gani ba.

Muka kai zagaye na ƙarshe. Baƙi na gaba da ɗaya, saura mutum ɗaya a fitar mana wasa ya ƙare. Ruƙayya, 'yar shekara goma sha biyu, wadda ta fi kowa gudu a cikinmu, tana masauki na biyu. Aka buga ƙwallo ta yi nisa. Ruƙayya ta wuce na uku kamar an harba ta, saura taku uku ta taka na huɗu, sai ladanin masallacin da ke jikin katangarmu ya ɗaga murya da kiran la'asar.

Yarinyar nan ta tsaya cak. A gidansu haka kakarta ta rene ta, in an fara kira, ko cokali ne a hannunka ka ajiye. Ni ma bakina ya riga ya fara amsa wa ladan, hannuwana a ƙasa. Ƙwallo ta iso hannun mai tsaron masaukin, wata siririya mai suna Jawahir. Ta dube ni, ta dubi Ruƙayya, ta miƙa hannu a hankali ta taɓa mata kafaɗa.

Ba wanda ya iya cewa uffan, ana kira. Fili ya yi tsit, mata kusan hamsin suna motsa leɓe, idanuwansu duk a kaina. Tsawon kiran nan shi ne duk lokacin da na samu na yi tunani. Da ladan ya sauke, muka yi addu'a, na dunƙule hannu.

Hajiya Balaraba, mahaifiyar Ruƙayya, ta riga kowa isowa raga.

"Sa'a, a garin Makka za ki hukunta yarinya don ta girmama kiran salla? Ke ba ki jin tsoron Allah?"

"Hajiya, ban tsayar da wasa ba."

"To me ya hana ki?"

Sai uwar Jawahir ta taso daga ɗaya ɓangaren. "Tawa 'yar kuma kafira ce? Ita ma ta ji kira. Wa ya ce ba a amsa ladan ana tafiya? Taku uku ne fa, ya shaiha."

Nan take fili ya koma zauren fatawa. Matan da ban taɓa jin sun kawo aya ba, ranar kowacce da malaminta. Wata ta turo mini waya a fuska wai in ga inuwar ƙafar Ruƙayya ta riga ta hau masauki. Na ce mata ba a ƙirga inuwa. Wata ta ce dama me mai shara ta sani. Wannan na bar shi ya wuce, tsintsiya ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, lokacin salla na tafiya, su kuma suna tsaye suna faɗa a kan girmama salla.

Bayan mun idar, Mudira ta kira ni ofis. Abla Nuwaira na tsaye, ta sunkuyar da kai.

"Rubuta cewa kin tsayar da wasa da aka fara kira," in ji Mudira. "A mayar da yarinya masauki na uku, a ƙarasa mako mai zuwa. Kowa ya huta."

"Ya Mudira, ban ɗaga hannu ba. Jawahir ta dube ni kafin ta taɓa ta."

"To laifin wa?"

"Nawa. Na san la'asar ta kusa. Da tun kafin jifar na tsayar."

Ta miƙo hannu. Na ciro katin daga wuyana na ba ta. Sai da shekara ta zagayo, aka sake rasa mai tsayuwa a rana, sannan aka mayar mini.

Abin da na koya shi ne iyaye ba alƙali mai gaskiya suke nema ba, mai gaskiyar da ta faɗo ɓangarensu suke so, kuma ba za ku canza su ba. Naku shi ne ku hango abin da ke tafe kafin ya iso. Hukuncin da na yanke daidai ne. Kuskurena ya riga shi da minti biyu, kuma yarinyar da ba ta yi laifin komai ba ita ta biya, ba ta je Jidda ba.

Washegari Juma'a ce, babu makaranta, amma mabuɗi na hannuna. Na yanko jadawalin lokutan salla daga kalandar kicin ɗina, na sa shi a leda, na je na ɗaure a jikin raga, daidai inda idon alƙaliya zai sauka, ko wace ce za ta tsaya a wurin. Daga nan na nufi gidan su Ruƙayya. Hajiya Balaraba ta buɗe ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa.

Na ce, "Ba wurinki na zo ba, Hajiya. Kira mini yarinyar, haƙuri zan ba ta."