Juwairiyya, Mai Zanen Fadamar Taba

Ranar Alhamis, 21 ga watan Agusta, 2025, da hantsi, ina tsakar gida ina shanya kaya Malam Yahuza ya kira ni a waya. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Maman Hefziba, ƙawarki ta cika." Wanda Ya ba da rai Ya karɓi abinSa, kuma can dukanmu muka nufa. Malama Juwairiyya Jumare, malamar zane, ta rasu a gidan mijinta, shi Malam Yahuza, da ke Kudan, bayan shekaru tana kwance a ɗaki ɗaya.

Ni Agnes Ilisha ce, mutumiyar Gubuchi. Tare muka koyar a sakandare, ita zane, ni aikin gona. Addininmu ba ɗaya ba, amma ban yi ƙawar da ta kai ta ba. Don haka da ke zan yi magana, Juwairiyya, kamar yadda na saba.

Na san ki mace mai ƙafa. Kowace Asabar kina bayan babur da allonki a ɗaure, kin nufi fadamar Taba. Sai ki sami gindin giginya ki zauna, ki yi ta kallon rake kamar mai jiran ya yi magana. Kin ce fentin kanti bai san kalar ƙasarmu ba, saboda haka kike haɗa naki: jar ƙasa, karan dafi, baban rini, lalle da gawayi, ki dama su da ƙaro. Hannunki bai taɓa rabuwa da launi ba, har ɗalibai suka riƙa gane takardun da kika duba da shatar yatsanki.

Mahaifinki, Malam Jumare, ya yarda ki karanci zane bisa sharaɗi guda: kada ki zana mutum ko dabba. Kin riƙe wannan alkawari har ƙarshe. Amma duk wanda ya kalli aikinki sai ya ga mutane ko da babu su. Fartanya a yashe kan kunya. Takalmi wari ɗaya a bakin rafi. Tukunyar mazarƙwaila tana tururi, ludayin na jingine. Wani manomi ya taɓa tsayawa gaban ɗaya ya ce, "Wannan mai gonar yanzu ya tafi salla."

Alherin da ba zan manta ba shi ne wanda kika yi wa mahaifiyata. Da tsufa ya rikita ta na ɗauko ta daga Gubuchi, amma kullum sai ta ƙulle kayanta ta ce gida za ta, alhali gidan ya daɗe da rushewa. Na rasa yadda zan yi. Kika zo kika zauna gabanta a tabarma, kina tambaya a hankali: "Mama, rumbun yana gabas ne ko yamma? Kukar fa, tana bayan danga?" Ta yi ta ba ki labari, kina ji. Bayan mako biyu kika kawo mata gidanta a kan allo, har da tsagewar da ke jikin randa. Ta shafa shi da tafin hannu, ta kwance ƙunshinta. Ba ta ƙara cewa za ta tafi ba har Allah Ya ɗauke ta.

Sai ga ranar da motar rake ta ƙwace a hanyar Makarfi, ta bi ta kan babur ɗin da ya ɗauko ki. Likitoci a Zariya suka ce laka ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa babu sauran motsi. Aka dawo da ke gida a kwance. Keken guragu ma bai yi miki rana ba, domin zama kaɗan sai bayanki ya ɗauki zafi, ga gyambon kwanciya da ya ƙi warkewa.

Ɗakin yana da taga ɗaya. Malam Yahuza, Allah Ya saka masa, ya juya gadon ya fuskance ta, ya ƙera miki abin jingina allo a kan ƙirji. Ta tagar ana hango gonar dawa da rabin wata tsamiya. Kin zana wannan gona tana kore, kin zana ta an girbe, kin zana ta da kara tsaye babu komai. Ni kuma na zama ƙafarki. In na je Taba sai in taho miki da damshin ƙasa a leda, da ganyen rake, da furen bado. Ki kai hanci ki lumshe ido, ki ce, "An yi ruwa shekaranjiya, ko?" Da wuya ki kuskure.

Shekara ta uku aka sayar da gonar. Sabon mai filin ya tayar da shaguna, bangon bulo ya taso har ya rufe tagar, sai ɗan tsiririn sama kamar faɗin tafin hannu. Ba wanda ya yi laifi, filinsa ne. Amma ranar da maginan suka aza layin ƙarshe kin jefar da buroshi, kin juya fuska ga bango. Kin yi makonni ba kya ko amsa gaisuwa sosai. Ba zan ɓoye wannan ba, domin masu cewa ba ki taɓa ƙosawa ba, ba su zauna da ke ba. Kin ƙosa. Kin yi kuka har muryarki ta dushe. Haƙurinki a kan wannan aka gina shi.

Da kika dawo ga allo, daga ƙwaƙwalwa kika riƙa ɗebowa. Fadamar Taba ta sake fitowa kala-kala, da rijiyar makarantarmu, da hanyar Malikanchi inda kakarki take. Wasu masu baje kolin zane a Kaduna suka ji labari, suka nemi aikinki. Ni da Malam Yahuza muka kai. Na kira ki a waya ta bidiyo ina zagayawa da ke cikin zauren, kina ganin mutane tsaye gaban allunanki. Na zaci za ki yi murna. Sai kika ce, "Su allunan dai sun fita, Agnes."

Abin da ya fi ba ki tsoro bai zo ba sai daga baya. Wata rana na shigo na tarar da ke da buroshi a sama, kin kasa sauke shi. Kika ce, "Giginyar nan da nake zama gindinta, rafin yana damanta ne ko hagunta?" Na ce dama. Kika ce, "Na manta. Wallahi na manta. In wannan ma ya tafi, me ya rage mini?" Na ɗauko miki hotunan wurin a waya, kika kalla sau ɗaya kika mayar mini. Kika ce wannan wurin wani ne, ba naki ba.

Daga nan zanenki ya sauya. Rake ya zama shuɗi. Rafi ya riƙa hawa tudu. Gonaki suka daina ƙarewa a bakin allo, sai su bi ta gefen katakon su zagaya baya. Lokacin yatsunki sun fara sanƙarewa, da tsumma ake ɗaure miki buroshi a hannu. Malam Yahuza ya taɓa tambayarki, "Maman Nabil, wannan wane gari ne?" Kika ce, "Ni ma ban taɓa zuwa ba, Malam." Waɗannan su ne mafi kyawun aikinki, kuma su ne na kasa daɗewa ina kallo.

A daminar bana kika roƙi abu ɗaya: a kai ki Taba, ko daga cikin mota ne, ki ga fadama da idonki. Likita ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda. Malam Yahuza ya samo motar da za a shimfiɗa katifa, ya sa aka cire ƙyauren ɗakin don a fito da ke a miƙe. Sai aka yi ruwa mai ƙarfi, kwalbati ya karye a hanya, aka ce a jira a gyara. Muna cikin jira zazzaɓi ya shigo ta gyambon, bai kuma sake ki ba.

Ta wannan ƙofar da aka cire wa ƙyaure aka fito da ke. Mu mata muna tsakar gida, muka bi makarar da ido har ta shige zaure. Da maza suka dawo Malam Yahuza ya ce mini hanyar maƙabarta ta ratsa gonaki, dawa ta fi tsayin mutum, ƙasa na ƙamshi. Ya ce, "Na so in ce su ɗan dakata da ita. Amma haka muka wuce."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Yahuza, wanda ya yi jinya bai taɓa ɗaure fuska ba. Ga Nabil da Ni'ima, waɗanda suka girma a bakin gadon uwarsu. Ga iyalan marigayi Malam Jumare, da ɗalibanta a Kudan, Makarfi da Ikara. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ke kuma, Juwairiyya, Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Kin sha ƙunci a duniya. Allah Ya yalwata kabarinki iyakar ganin ido, Ya tashe ki a kan ƙafafunki. Amin.