Kabewar da Ta Karya Azumi

Daga Malumfashi har Kafur ba a haifi wanda ya kai ni iya fahimtar da yaro ba. Ko jaki aka ba ni yini guda, sai ya tashi yana lissafin taurari.

Shekarar da ƙanena ya tafi Makka a ƙafa, ya bar mana ɗiyarsa, 'yar mitsitsiya. Tun tafiyarsa dariya ta ƙaurace mata. Da azumi ya kama, ta dage sai ta kai guda ɗaya, don ta sha ruwa lokaci ɗaya da babanta. Inna, mahaifiyarmu, ta yi mata alkawarin sabon zane in ta kai magariba.

Bayan la'asar na tarar da ita a gindin rumbu, leɓe ya bushe.

"Baffa, shi ma Baba yana jin ƙishirwa yanzu?"

Nan ilimi ya motsa mini, wanda na tsinta a bakin wani malamin falaki da ya taɓa kwana a zaurenmu. Na mirgino kabewar da Inna ta ajiye don miyar taushe.

"Ɗiyata, duniya kamar wannan take. Kin ga tsage-tsagen nan da suka taso daga sama suka gangara har gindi? Masana sun ja wa duniya irinsu, da hankali, ba da fartanya ba. Duk waɗanda ke kan tsagi ɗaya, na arewa da na kudu, tare rana take yi musu tsaka."

Na soka ƙaya. "Ga mu." Na tsallaka can gabas na soka wata. "Ga babanki." Na ɗaga ludayi na ce shi ne rana, na ratsa da shi ta saman kabewar. "Shi take fara gaisarwa kafin ta iso mana, shi kuma take fara yi wa sallama."

"Wato ranar nan ta ga Baba yau?"

"Da idonta."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta farko tun tafiyarsa. Na cika na batse, na ƙara da cewa ai yanzu haka rana ta faɗi a wurinsa, yana can yana shan ruwa.

Ban rufe baki ba ta zare ludayin daga hannuna, ta nufi randa, ta kwankwaɗa.

"Inna, na sha tare da Baba."

Inna ta dubi fuskar jikarta, ta shiga ɗaki ta ɗauko zanen ta ɗaura mata. Sannan ta juyo kaina.

"An ce a watan nan ɗaure Shaiɗan ake yi. Ashe wakili ya bari a gidana."